Tambaya da Amsa: Waya, Majigi da Zoɓo a Ajin Kimiyya

Wasiƙun wannan watan kusan duk daga malaman kimiyya suka fito, sai guda ɗaya daga wani uba. Kukan nasu iri ɗaya ne: ga waya a hannu, wani wurin har da kwamfuta da majigi, amma yara suna gama aji shida ba su iya awo ba. Malamanmu na fiziks da kemistiri da bayoloji ne suka raba tambayoyin a tsakaninsu.

TAMBAYA: Ina koyar da fiziks a wata sakandaren ƙauye. Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, agogon awon sakan ma babu. Abin da nake da shi wayata ce ta Android. Da me zan fara? Daga wani malami a jihar Zamfara.

AMSA: Malam, fara da lilo, wato fendulum, domin ba ya cin kuɗi kuma yana yawan fitowa a jarrabawar gwaji ta WAEC da NECO. Kayan aikin su ne zaren ɗinki mai ƙarfi wanda ba ya talewa, babban noti na ƙarfe, tef ɗin tela, da ƙusa a jikin katakon ƙofa. Agogon da ke cikin wayarka ya isa.

Tsawon lilo ana auna shi ne daga inda zare ya bar ƙusa zuwa tsakiyar notin, ba samansa ba. A gwada tsawo biyar: santimita 20, 40, 60, 80 da 100. A ja notin gefe kaɗan, kada kusurwar ta wuce digiri 10, a sake shi ba tare da turawa ba, a ƙirga zuwa da dawowa sau 20. Idan aikin ya yi kyau, za a sami kusan sakan 18.0, 25.4, 31.1, 35.9 da 40.2. A raba kowanne da 20 a sami T, wato lokacin zuwa da dawowa sau ɗaya, a ninka T da kansa, sannan a zana giraf na T² a tsaye, tsawo a kwance da ma'aunin mita. Layin zai fito a miƙe, gangarensa kusan 4.0, kuma in aka raba 39.5 (wato 4π²) da wannan gangaren za a sami g, wato ƙaruwar gudun abin da ke faɗowa saboda janyowar ƙasa, wajen 9.8.

Kuskuren da ya fi cin yara shi ne ƙirge. Yaro yana sakin noti sai ya ce "ɗaya", alhali "sifili" ya kamata ya ce. Ka ga ya ƙirga 19 ke nan yana tsammanin 20 ne, sai g ɗinsa ya haura zuwa 10.8. Duk rukunin da ya kawo maka wannan adadi, kada ka gyara musu, ka ce su sake yi su gano da kansu inda gizo ke saƙar. Sauran masu ɓata aiki su ne fanka, iskar taga, da noti mai zagaye kamar ana tuƙa tuwo maimakon ya tafi ya dawo a layi ɗaya.

Bayan sun iya wannan da hannu, sai ka sauke manhajar phyphox. Jami'ar RWTH da ke Aachen a Jamus ce ta fitar da ita a 2016, kyauta ce, kuma ba ta buƙatar data bayan an sauke ta. A cikinta akwai agogon da ƙara ke tayar da shi, ƙara ta biyu kuma ta tsayar da shi. Da shi za a auna faɗuwar abu, abin da yatsan mutum ba zai iya ba, saboda jinkirin danna agogo kawai yana kai wajen sakan 0.2. A ɗaure noti a bakin balan-balan da aka hura, a rataye shi yadda notin zai yi mita 2 daga ƙasa, a ajiye farantin silba a ƙarƙashinsa. A fasa balan-balan da allura: ƙara ta farko ke nan. Notin ya daki faranti: ta biyu. Lokacin zai fito kusan sakan 0.64, kuma g shi ne ninki biyu na tsawon a raba da t², wato lokacin a ninka da kansa.

Idan agogon ya tsaya nan take da ƙaramin adadi kamar 0.1, amsa-kuwwar ɗaki ce ta tsayar da shi. A ƙara ɗan jinkirin da ke cikin saitinsa zuwa 0.3. Idan surutun aji ne ke tayar da shi, a ɗaga matakin ƙarar da zai saurara. A riƙe wayar a tsakiyar tsawon, domin sauti ma yana cin lokaci kafin ya iso, kusan sakan 0.003 a kowace mita.

TAMBAYA: Ajina yara 90 ne, wayoyin da za mu iya tarawa ba su wuce huɗu ba, kuma shugaban makaranta ba ya son ganin waya a hannun ɗalibi. Daga wata malama a Zariya.

AMSA: Malama, shugabanku yana da hujja, don haka ki je masa da tsari a rubuce. Wayoyin su zama na makaranta ko na malamai, ba layi a ciki, a kashe musu sadarwa. A saitin tsaro na Android akwai inda ake maƙale manhaja ɗaya a fuskar waya, ta yadda ba a fita daga cikinta sai da lambar sirri. Kowace waya a manna mata lamba, a rubuta rukunin da ya karɓa.

Ki nemi darasi mai fiyod biyu a haɗe, minti 80. Ki kasa yaran rukuni 12, mutum bakwai ko takwas. Rukuni huɗu suna kan waya, huɗu suna yin gwajin da hannu, huɗu suna zana giraf ko amsa tambayoyin hasashe, duk minti 20 a juya. Ragowar minti 20 na tattara sakamako ne a allo. A cikin rukuni kowa da aikinsa: mai riƙe na'ura, mai awo, mai ƙirge, mai rubutu, mai duba lissafi. Ki riƙa sauya ayyukan da kanki, in ba haka ba yaron da ya saba da waya a gida shi zai riƙe ta har ƙarshen zango, a ajin da aka haɗa maza da mata kuma rubutu ne kawai zai riƙa faɗawa kan 'yan matan.

TAMBAYA: An ba makarantarmu kwamfutoci, wani ya saka mana gwaje-gwajen PhET. Yara suna jin daɗinsu ƙwarai, amma da na ba su batir da wayar lantarki ta gaske sun kasa kunna ƙwan fitila ɗaya. Shin ɓata lokaci muke yi? Daga wani malami a Bauchi.

AMSA: Ba ɓata lokaci ba ne, Malam, amma an ɗora wa abin nauyin da ba nasa ba. Carl Wieman, wanda ya sami kyautar Nobel ta fiziks a 2001, shi ya kafa PhET a Jami'ar Colorado da ke Amurka a 2002. Amfaninsa shi ne nuna abin da ido ba ya gani: tafiyar lantarki a cikin waya, ƙwayoyin zarra, motsin ƙwayoyin iskar gas. Ana sauke kowane gwaji a fayil ɗaya, a tura wa wata na'urar ta Xender ko filash, ya buɗe ba intanet. Sai dai a cikin kwamfuta waya ba ta tsatsa, mahaɗa ba ta sako-sako, batir ba ya mutuwa. Yaron da ya saba da wannan aljannar dole ya ruɗe ranar da ya riƙe ta gaske.

Maganin abin shi ne tsarin darasi. Kada a buɗe kwamfuta sai kowa ya rubuta hasashensa da biro. Misali: ƙwai biyu a jere kan layi ɗaya, da ƙwai biyu kowanne da reshensa, wanne zai fi haske, kuma in aka cire ɗaya me zai sami ɗayan? Bayan sun rubuta, su haɗa a Circuit Construction Kit, gwajin haɗa lantarki na PhET, su gani, su rubuta dalilin da hasashensu ya ci ko ya faɗi. A darasin nan dai, ba sati mai zuwa ba, su haɗa na gaske.

Kayan na gaske suna wurin masu gyaran rediyo da talabijin: ƙaramar mita irin DT830, batir ɗin tocila huɗu masu bolt 1.5, rizisto mai om 220, da wayoyi masu bakin kada. A haɗa batir ɗaya, a auna bolt da karan, wato yawan wutar da ke gudana, a ƙara na biyu, har huɗu. Za a ga kusan miliamfa 7, 14, 20 da 27. Sabon batir yakan nuna 1.6, don haka a rubuta abin da mita ta nuna, ba abin da aka buga a jikin batir ba. Mun zaɓi om 220 da gangan: ƙaramin rizisto mai om 100 zai ɗau zafi fiye da ƙarfinsa in aka kai bolt 6.

Abu biyu ne ke kashe wannan darasi. Na farko, a bar mita a wajen auna karan sannan a ɗora bakunanta kai tsaye a kan batir. Nan take fis ɗin cikinta mai miliamfa 200 zai ƙone, daga nan sifili kawai za ta riƙa nunawa. Karan ana auna shi ne ta yanke layi a saka mita a tsakani, bolt kuma ta ɗora bakuna a gefe biyu na abin. Ka sayi fis na ajiya tun ranar da ka sayi mita. Na biyu, amfani da ƙwan LED a madadin tsohon ƙwan tocila. LED ba ya bin dokar Ohm, yana da gaba da baya, kuma ba rizisto yana iya ƙonewa cikin ƙiftawar ido. Wutar soket kuwa, ko kusa kada yaro ya kai mita wurinta.

TAMBAYA: Ƙungiyar iyaye ta tara kuɗi za ta saya mana majigi da sola. Wane girma za mu nema? Daga wani mataimakin shugaban makaranta a jihar Jigawa.

AMSA: Ranka ya daɗe, kafin a je kasuwa a tsaya a ajin da ƙarfe 11 na safe a dubi hasken da ke shigowa. Majigi mai araha, irin ƙananan nan, sai a ɗaki mai duhu. A aji mai tagogi a buɗe ba a ganin komai sai inuwa-inuwa, in an rufe tagogin kuma zafi ya kori kowa. Wanda zai yi aiki a ɗaki mai haske yana buƙatar ƙarfin haske na lumen wajen 3,000 a ma'aunin ANSI, irinsa mai fitila kuma yana cin wat 200 zuwa 300. Shi ya sa sau da yawa talabijin ɗin bango mai inci 43 ko 50 ta fi dacewa: tana fitowa tar da rana, kuma cinta bai cika wuce wat 100 ba. Illarta ita ce 'yan bencin baya ba za su karanta ƙananan rubutu ba, sai an riƙa matso da su rukuni-rukuni.

Ga lissafin. A ce talabijin wat 80, kwamfutar cinya wat 50, jimilla 130. Awa huɗu a rana ya zama wat-awa 520, a ƙara asarar inbata ya kai wajen 600. Batir mai bolt 12 da amfa-awa 100 yana ɗauke da 1,200, amma irin mai ruwa rabinsa kawai ake sha in ana son ya daɗe, wato 600. Ya yi daidai wa daida, ba rara. Mai 150 ko 200 ya fi kwanciyar hankali. Farantin sola na wat 200, a awa biyar na rana mai ƙarfi, bayan an cire asarar zafi da ƙura, zai ba da wajen 700. A haɗa da kwantirola mai amfa 20 da inbata mai tsabtatacciyar wuta.

Abin da ke kashe kayan ba ya wuce uku. Ƙurar hunturu tana rufe faranti, sai a riƙa wanke shi da sassafe da ruwa da tsumma mai laushi kafin ya ɗau zafi. Zafi yana rage wa batir kwana, don haka a ajiye shi a ɗaki mai iska, ba ƙarƙashin kwano kai tsaye ba, kuma in ruwansa ya ja a ƙara masa tataccen ruwan batir, ba asid ba, ba fiya wata ba. Na ukun shi ne cajin wayoyin gari da daddare. Wannan ba aikin injiniya ba ne, aikin kwaɗo ne da makulli.

TAMBAYA: Ba mu da takardar litmos ko sinadaran gane asid. An ce min zoɓo yana yi. Gaskiya ne, kuma ina waya za ta shigo? Daga wata malamar kemistiri a Katsina.

AMSA: Gaskiya ne, Malama. Jan launin zoɓo daga sinadarin antosayanin yake, wanda kamanninsa ke sauyawa gwargwadon tsamin ruwa. Ki jiƙa cikin tafin hannu ɗaya na busasshen zoɓo a rabin lita na ruwan zafi minti 15, ba sukari, ba citta, ba kanumfari. Ki tace, ki sirka da ruwa har sai ana hango yatsa ta bayan kofin. Mai kauri ba ya nuna sauyi, duk baƙi-baƙi yake fitowa, kuma nan ne mafi yawan masu gwadawa suke karaya.

A jera kofuna masu haske iri ɗaya, kowanne mililita 20 na ruwan zoɓon, a auna da sirinji marar allura. A zuba mililita 2 na abin gwaji a kowanne: ruwan lemon tsami, ruwan tsamiya, ruwan sha, ruwan bakin-soda, ruwan kanwa, tataccen ruwan toka. Masu tsami za su ƙara masa ja mai haske. Masu kanwa-kanwa, waɗanda littafi ke kira alkali, ba dai alƙalin kotu ba, za su kai shi shuɗi-shuɗi mai duhu har zuwa kore. Gangamau ma yana yi, sai dai shi gefe ɗaya yake nunawa: rawaya ne a tsami, ja a kanwa.

Waya tana shigowa ne wajen mayar da launi adadi. Akwai manhajoji kyauta da ke karanta yawan ja, kore da shuɗi a hoto, kowanne daga 0 zuwa 255. A ɗora kofunan a kan farar takarda, a inuwa, a ɗauke su duka a hoto guda ba filasha. Dalilin hoto guda shi ne kyamara tana gyara haske da launi da kanta duk lokacin da aka ɗauka, don haka hotuna biyu ba sa kwatantuwa. Yara su karanta adadin ja na kowane kofi su jera su daga mafi tsami zuwa mafi kanwa.

Daga nan a shiga share fagen taitireshan, wato auna yawan asid ɗin da ke kashe ƙarfin alkali. A sa mililita 10 na ruwan kanwa da ɗan zoɓo a kofi, a riƙa ɗiga lemon tsami ana kaɗawa ana ƙirgawa har ja ya dawo ya tsaya. Ɗigo 20 kusan mililita ɗaya ne. A maimaita sau uku, domin abin da ake koya musu shi ne sai sakamako ya yi kusa da juna ake yarda da shi, kamar yadda a jarrabawa ake son awon buret ya dace cikin 0.2. Amma wannan bai ɗauke musu riƙe buret da fifet na gaske ba; ko aro ne a yi daga makarantar maƙwabta kafin jarrabawa. A haɗa zoɓon a ranar, don yana lalacewa in ya kwana biyu. Kada a kawo bilic cikin wannan gwaji: yana kashe launin gaba ɗaya, kuma in ya haɗu da asid yana fitar da iskar kulorin mai guba. Ruwan toka mai ƙarfi ma a kiyaye ido da shi.

TAMBAYA: Ana tallar ƙaramin madubin ganin ƙananan halittu da ake jonawa da waya, an rubuta yana ƙara girma sau 1,000. In saya? Daga wani malamin kimiyyar halittu a Maraɗi.

AMSA: Kada adadin kwalin ya ruɗe ka, Malam. Mafi yawansu hoton suke buɗawa a fuskar waya, ba ƙarin bayani suke fitowa da shi ba. Suna da kyau wajen ganin ƙafar ƙuda, bakin sauro, gashin ganye da ƙwayar gishiri, amma ba za su nuna bakteriya ba. Idan ana samun Foldscope, madubin takarda da Manu Prakash da Jim Cybulski suka ƙirƙira a Jami'ar Stanford, ya fi su a aikin ƙwayar halitta: sau 140 yake ƙarawa, kuma na gaske ne.

Kana iya haɗa naka. Ka sami 'yar tocilar leza ta wasan yara, ka fara cire batiranta, ka ɓalle bakin ka ciro ɗan gilashin da ke ciki, ka manna shi daidai tsakiyar kyamarar waya da salatif ta gefe-gefe. Tazarar gani 'yan milimitoci ce kawai, hannu kuma yana rawa, don haka a kwantar da wayar a kan littattafai biyu, abin dubawa a kan gilashi a ƙasa, hasken tocila ta ƙarƙashi an tare shi da farar takarda. Ana daidaita gani ta ƙara ko rage takardu a ƙarƙashin gilashin. In hoton ya ɓace da zarar an matso, wayar ce ta sauya zuwa wata kyamarar da kanta. A kashe wannan a saiti.

A fara da siririyar fatar cikin albasa, ɗigon ruwa, da ɗigon aidin da aka sirka. Za a ga ƙwayoyin a jere kamar bulo a gini. Da'irori masu baƙin baki kumfar iska ce, kuma rabin aji su za su zana in ba a faɗa musu ba. Sannan, ba tare da taɓa saiti ba, a ɗauki hoton layukan milimita na rula a kwatanta: ƙwayoyi uku zuwa biyar ne ke cika milimita ɗaya a tsawonsu. Hoto ba ya maye gurbin zane. Kowa ya zana da fensir mai tsini, layukan suna da rula ba sa gicciye juna, da take da girman zane a ƙasa. In za a ɗebo ruwan kududdufi don ganin tsutsar sauro, a ɗebo da ludayi mai dogon hannu, kada yara su shiga ciki, saboda tsargiya.

TAMBAYA: Ɗana yana aji biyar, duk aikin gida ChatGPT yake tambaya ya kwafe. Makinsa na aikin gida ya hau, na jarrabawa ya sauka. In ƙwace wayar? Daga wani uba a Kaduna.

AMSA: Alhaji, ƙwacewa za ta kai shi wayar aboki ne kawai. Ka sa masa sharaɗi: sai ya gama lissafin a takarda kafin ya buɗe waya, sannan ya ba na'urar aikinsa ta nuna masa layin da ya kauce. Bayan haka ya rufe wayar ya sake yin irin tambayar da wasu adadin. Ko ba ka yi kimiyya ba kana iya gwada shi: ka ce ya bayyana maka amsar da Hausa, ka tambaye shi me zai faru in aka ninka adadi kaza. Wanda ya kwafa a nan yake tsayawa. Ya kuma sani cewa na'urar tana yin kuskure cikin murya mai cike da tabbaci, don haka littafin makaranta ne alƙali. Ga malamansa kuma, aikin gida irin "auna inuwar sanda a tsakar gidanku sau shida yau" ba shi da amsar da za a kwafo.

TAMBAYA: Muna da kulob ɗin kimiyya, muna neman aiki ɗaya babba da za mu yi da wata makaranta ta WhatsApp. Daga wani malami a birnin Kano.

AMSA: Ku auna kewayen duniya. Masanin Girka Eratosthenes ya yi wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa, ta kwatanta inuwa a Iskandariyya da Aswan ta ƙasar Masar, inda ya sami bambancin digiri 7.2. Ku kuma kun yi sa'a: Kano tana kusan digiri 12 arewa da ikwaita, Kalaba tana kusan digiri 5, kuma kusan a layi ɗaya suke daga arewa zuwa kudu. Ku nemi makaranta a can. Agadas ma tana yi, tana wajen digiri 17. Gari na kusa kamar Damagaram bai dace ba, don bambancin bai kai digiri 2 ba, ƙaramin kuskure sai ya cinye shi.

Kowace makaranta ta kafa sanda mai tsawon mita 1 daidai daga ƙasa, a kan daɓe mai lebur. A tabbatar ta miƙe da zare mai noti a rataye a gefenta, a duba ta fuska biyu. Abin da ake nema shi ne inuwar zawali, mafi gajartar inuwa a yini, wadda malamanmu suka daɗe suna duba shigar azahar da ita. Ba ƙarfe 12 na agogo take zuwa ba. A Kano, wajen 21 ga Maris, sai kusan 12:33, saboda agogonmu an saita shi ne da layin digiri 15 gabas, Kano kuma tana wajen 8.5. Don haka a fara sa alama da alli a ƙarshen inuwa daga 12:00 zuwa 1:00, duk minti biyar, a ɗauki mafi gajarta. Kowace makaranta da nata zawalin, amma rana ɗaya.

A ranar 21 ga Maris inuwar Kano za ta yi kusan santimita 21, ta Kalaba kusan 9. A raba inuwa da tsawon sanda a nemi kusurwa da maɓallin tan⁻¹ na kalkuleta, a tabbatar tana kan digiri. Ko a zana alwatika a takardar giraf a auna da furotirakta. Za a sami 12 da 5, bambanci 7. Tazarar garuruwan biyu a miƙe kusan kilomita 780 ce, ana auna ta a Google Maps ta danna wuri a riƙe a zaɓi awon tazara. Kada a ɗauki nisan hanyar mota. A raba 360 da 7 a ninka da 780, a sami kusan kilomita 40,100. Ainihin kewayen ta ƙarshen arewa da ƙarshen kudu na duniya kusan 40,000 ne.

Ba dole sai Maris ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu sama ta fi washewa a kudu, inuwar kuma ta fi tsawo da sauƙin awo. A ƙarshen Disamba ta Kano tana kai santimita 71, ta Kalaba 54, bambancin kusurwa dai 7 ne. Lokacin da za a yi hattara shi ne mafi yawan Afrilu, da kuma daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, sa'ad da rana take tsakanin garuruwan biyu: inuwar Kano tana kallon arewa, ta Kalaba tana kallon kudu, sai a tara kusurwoyin maimakon a ɗebe. Don haka a saƙon da za a tura a rubuta har da inda inuwa ta fuskanta.

A Maris, kuskuren santimita 1 a inuwa ya haura rabin digiri, wanda zai iya karkatar da amsar da kilomita 3,000. Ƙarshen inuwa kuma dishi-dishi yake, ba kaifi. A kafa ƙusa a kan sandar a riƙa bin tsininta, a lissafa tsawon har da ƙusar, ko a manna kwali mai ɗan rami a saman a bi tsakiyar ɗigon hasken da ya faɗo ƙasa. A kafa sanduna biyar a kowace makaranta, rukuni biyar, a ɗauki matsakaicin awonsu. Kowane rukuni ya tura hoton tef a kwance kan inuwar tare da adadin da ya karanta, ɗaya makarantar ta duba ko karatun ya yi daidai kafin a shiga lissafi.